Yadda ake musayar manga na soyayya a Garwa ta Kamaru

Da farko ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowace ta sayi kashi ɗaya, tunda manga, wato littafin labari mai zane-zane irin na Japan, kashi-kashi yake zuwa kuma sefa ba ta wadata. Na Faransanci aka fi samu a nan.

Sai a rubuta suna a ciki, a naɗe bangon da leda saboda ƙurar hunturu.

A nuna wa sabuwar shiga cewa daga dama ake farawa, kamar ajami. Wata ƙawata ta buɗe ta hagu, ta tarar an ɗaura auren yarima da aljana tun ba su haɗu ba!

Wa'adin kwana 7 ne. Ranar Juma'a bayan la'asar a yi musaya, wadda ta riga ta karanta kuma ta kama bakinta.