Kurakuran da ke cinye guminmu, mu makaɗa da mawaƙan Legas

Duk yaron da ya same ni a Agege ya ce yana son ya ci abinci da waƙa kaɗai, ba na fara tambayarsa ko yana da murya. Abin da nake tambayarsa shi ne, zai iya faɗa wa Alhaji farashinsa ido cikin ido, ba tare da ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya ba? A nan yawancinmu muke faɗuwa, tun ba a ɗaura kalangu ba.

Babban kuskurenmu shi ne wannan kalma ta “ko nawa ka ba ni, ranka ya daɗe.” Ni ma na sha faɗinta. Akwai wani biki da na taɓa yi a wajen Mile 12, na tafi da mai kalangu, 'yan amshi biyu da yaron da ke kula da lasifika, na yi hayar motar kaya daga aljihuna. Uban biki ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam, kada ka damu, in an watse za mu zauna.” Aka watse wajen ƙarfe ɗaya na dare, ban sake ganin ko hularsa ba. Sati biyu ina kiran waya, daga ƙarshe ya turo abin da ko kuɗin mota bai kai ba, ni kuma na sallami yarana da kuɗin hayar ɗakina. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda ni ne ban yanke jinga ba.

Gyaran ba wuya. A yanke farashi tun ranar farko, a karɓi kafin alƙalami, rabi in zai yiwu, sauran kuma kafin a jona wayar lasifika ta farko. Sannan a rubuta abin da aka yi magana a kai a tura masa ta WhatsApp: rana, wuri, awa nawa za a yi, wa zai kawo janareta, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da 'yan amshi. Maganar mai ba ƙarama ba ce tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, don janaretan da zai ɗauki lasifika dare guda yana iya lashe ribar gaba ɗaya. Akwai kuma yadda ake faɗa ba tare da rashin kunya ba: “Alhaji, don kada a samu saɓani tsakanina da kai, ga yadda muke aiki.” Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan. In kuma an ce an tura kuɗi, buɗe asusunka ka gani da idonka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne.

Daga nan sai dogaro da liƙi. Da yawa suna sassauta jinga da tunanin fili zai cike giɓin. Wanda ya yi biki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san yadda fili ke bushewa: mutane na rawa, hannu ba ko naira. Ga kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Shekaru ana yi mata kallon wasa, sai a 2024 EFCC ta ƙara ƙaimi wajen gurfanar da mutane a nan Legas, har aka ɗaure wani wata shida. Tun daga nan manyan baƙi da dama suka riƙe hannunsu, musamman in ga masu ɗaukar bidiyo. Ka ajiye kwano ko ɗan akwati a gabanka, ka rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe inda kowa zai gani. Kuma ku yanke yadda za a raba abin da aka samu tun kuna gida, mutum ɗaya ya tara, a ƙirga a gaban kowa. Na ga ƙungiyoyin da suka yi shekaru tare sun watse a kan kuɗin dare ɗaya.

Hanya ma tana cin mutane. Baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya yakan auna tafiya da nisa, alhali a Ikko da gosulo ake aunawa. Karɓar biki biyu a yini ɗaya, ɗaya a Obalende ɗaya a Alaba Rago, neman jin kunya ne. Acaba ma da ake gudu a kai an hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi tun 2022. Kaya su riga ka isa, a lulluɓe da leda in damina ce, kuma ka sa kuɗin 'yan agbero, wato yaran tasha masu karɓar kuɗi a hanya, da na 'yan dako cikin lissafinka.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na sitidiyo. Yaro zai ƙirƙiri waƙa, ya biya kuɗin kiɗa, ya ɗauki abin da aka tura masa a waya ya tafi yana murna. Bayan wata uku sai ya ga waƙar a shafin YouTube na mai sitidiyon, ko a Audiomack da Boomplay da sunan wani, ana ta saurare, shi ko sisi. In ya yi magana a ce, “Ai kiɗan namu ne.” Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ce miƙa wa wani haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ka, amma sai in ba ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kafin ka shiga gaban makirfo, ku yi magana: kiɗan nan sayensa na yi ko tarayya muke? Wa zai ɗora waƙar, a shafin wa, kashi nawa kowa zai ɗauka? Ka karɓi cikakken fayil, ka ajiye a wuri biyu, ka buɗe shafinka da sunanka da lambarka, ba da ta wani “yaya” mai taimako ba. Ƙungiyar MCSN, mai kare haƙƙin mallakar mawaƙa a Najeriya, kuma tana karɓa wa mambobinta kuɗin amfani da waƙoƙinsu, rajista da ita ba asara ba ce.

Sai mantuwa da cewa sana'ar nan tana da kaka tana da rani. Bayan Sallah da watan Disamba waya ba ta hutawa, mutum ya ɗinka shadda kala uku ya canja waya. Azumi na kamawa, tsit, wata guda cur ba biki, ga mai gida a Legas yana son kuɗin haya na shekara a dunƙule. Ni adashi nake zubawa duk ranar da na dawo daga aiki, kafin in shiga gida ma. A watannin shiru kuma ina yin waƙar ango da amarya a sitidiyo in tura ta waya, da ɗan tallan masu shago, ina kuma koya wa yara biyu fiyano a Idi-Araba ranar Lahadi. Bara da azumi, kuɗin koyarwar nan ne ya sayi geron kununmu.