Darasi: Kula da Gashin Karen Haski

Haski kare ne na ƙasar ƙanƙara. Asalinsa arewa maso gabashin Saberiya a ƙasar Rasha, wurin mutanen Cukci, waɗanda suke ɗaura masa keken ƙanƙara yana ja. Daga can aka kai shi Alaska a ƙasar Amurka. Saboda sanyin wurin, gashinsa hawa biyu ne. Na ciki gajere ne, mai laushi da kauri kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi. Na waje dogo ne mai ɗan tauri, shi ke tare ruwa, ƙura da zafin rana.

A ƙasarsa, gashin ciki yana zuba sau biyu a shekara, lokacin da sanyi zai fita da lokacin da zai shigo. Zubar takan kai mako uku ko fiye, gashi na fita dunƙule-dunƙule. Wannan ba cuta ba ce. A ƙasar zafi kuwa, yakan yi ta zuba kusan duk shekara.

Babban kuskuren masu kiwonsa shi ne aski. Suna ganin sun rage masa zafi, alhali sun tuɓe masa rigar da ke kare fatarsa daga rana. Bayan aski gashin ciki yakan riga na waje tsirowa, sai ya fito a cukurkuɗe, wani wurin ma ya daɗe bai dawo ba. Abin da ake so shi ne a cire mataccen gashin ciki domin iska ta ratsa.

Ka nemi matsefin ƙarfe mai dogayen haƙora da burushi. Fara daga wuya, ka buɗe gashin da hannu har ka ga fata, ka taje kaɗan-kaɗan ta inda gashin ya kwanta. Kada ka danna, haƙoran na iya karce shi. Ka daɗe a bayan kunne, hamata, cinya da gindin wutsiya, nan gashi ya fi dunƙulewa. Inda ya ɗaure, warware da yatsu, ban da fizga. Sau ɗaya a mako ya isa, amma lokacin zuba kullum ne, kamar minti 15. Kana tajewa kana duba kaska da ƙuma.

Wanka ba ya son yawa, bayan wata biyu ko uku ya wadatar, da sabulun karnuka. A taje kafin wanka, don jiƙaƙƙen gashi ƙara ɗaurewa yake yi. A ɗauraye sosai, a busar har fata. Danshin da ya maƙale a ciki yana jawo ƙaiƙayi da gyambo.

In ka ga wani wuri ya yi sanƙo, ko ɓawo ya fito a gefen ido, baki ko kunne, wannan ba zuba ba ce. Yana iya zama ƙazuwa, ko ƙarancin sinadarin zinki da ke yawan damun haski. Kai shi wurin likitan dabbobi.