Yadda Ake Ceton Kifin Kogi Idan Ruwa Ya Janye

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ko Kumadugu Yobe ya ji dattawan masunta suna cewa ruwan yanzu bai kai na da ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. Ga injinan ban-ruwa a kowace gaɓa, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Giwan ruwa da yauni, waɗanda a da ba abin labari ba ne, yau sai masunci ya daɗe bai ga babba ba. Kifi kuwa wuri biyu yake dogaro da su: gurbi mai zurfi da zai fake da rani, da fadamar da zai yi ƙwai da damina. A kansu aikin ya tsaya.

Mataki na 1: a san guraben da ba sa ƙafewa. Daga watan Maris, idan kogi ya tsinke, Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta su bi gaɓa su ƙirga guraben da ke riƙe ruwa har faɗuwar damina. Sun san su da sunayensu, ba sai an ɗauko masani daga birni ba.

Mataki na 2: a keɓe wasu, a hana su a cikinsu. Nan ne wuyar take, domin a lokacin ne kifi ya fi sauƙin kamu. Ya taru wuri guda, ba shi da mafita, jan taru ɗaya sai ya kwashe iyayen da za su hayayyafa da damina. Ba za a ce wa magidanci ya rataye komarsa rani guda ba, amma cikin gurabe biyar ana iya rufe biyu mafi zurfi. A yi shelar a fadar hakimi, a faɗi tarar wanda ya karya, kuma tarar ta hau kowa, har ɗan sarki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya sa ake fito da manyan giwan ruwa a bikin Argungu shi ne wurin sun da ke kogin Matan Fada a rufe yake, ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe. Ni a ganina wannan matakin ya fi duk sauran, don ko gwamnati ba ta motsa ba gari zai iya yinsa.

Mataki na 3: a sa wa injin ban-ruwa iyaka. A kafa turke a cikin gurbin da aka keɓe, a yi masa alama. Ruwa na sauka zuwa alamar, a ɗauke tiyo. Masu tumatir da albasa ba abokan gaba ba ne, sau da yawa masuncin ne manomin. A taimaka musu su haƙa rijiyar tiyo a cikin fadama, kuma a ɗaure raga a bakin kowane tiyo don kada ya zuƙe 'ya'yan kifi.

Mataki na 4: a riƙa duba ruwan da asuba. A lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. In ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, gurbin ya fara shaƙewa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari, gaiwa ma ta binne kanta a laka har ruwa ya dawo, amma giwan ruwa ba shi da wannan dabara, shi ke fara mutuwa. A hana wanke buhun taki da tankin feshi a wurin, a ware wa shanu mashaya a gefe guda, a bar itatuwan gaɓa su yi inuwa.

Mataki na 5: a kwashe 'ya'yan da suka maƙale. Ƙananan kududdufai suna bushewa da tarin 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa a ciki. A ɗebe su da sanyin safiya a robobi, cikin ruwan da aka same su, kada a cunkusa. Da an isa gurbin, a riƙa zuba ruwansa kaɗan-kaɗan a robar kafin a sake su. Kada a kai kifin wani kogi zuwa wani.

Mataki na 6: a buɗe hanyar fadama kafin ambaliya. Bargi da yauni sheƙa suke yi cikin ciyawar fadama, in ruwa bai kai can ba babu ƙwai a shekarar. A yi gayya a sare kachalla, kuma a sare ta ƙarƙashin ruwa, domin in kututturen ya nutse yakan ruɓe. Masu dumba, wato shingen tarkon kifi da ake jerawa a hanyar ruwa, su bar ƙofa a tsakiya, kada su datse hanya daga gaɓa zuwa gaɓa. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, ta kuma hana guba da nakiya. Mai zuba maganin ƙwari irin gamalin a gurbi ya kashe har abin da ba zai ɗauka ba, a kai shi gaban hukuma.

Mataki na 7: a nemi a saki ruwa a kan lokaci. Wannan ya fi ƙarfin gari ɗaya. Ƙungiyoyin masunta na Jigawa da Yobe su haɗa baki su rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, su nemi a saki ruwa mai yawa a Agusta da Satumba, lokacin da kifi ke shiga fadama, a kuma bar ɗan abin da zai riƙe gurabe da bazara. Su tafi da littafin da suka rubuta ranar da ruwa ya kai alamar turke a kowane gurbi, da irin kifin da suka tsinta a mace.