Yadda ake ɗaukar murya don bincike ba tare da janareta ya ɓata aikin ba

Ɗaliban da ke kawo mini aikinsu a Gusau yawanci tun wajen ɗauka suke faɗuwa, kafin ma a taɓa lissafi.

Da farko, ka manta da saƙon murya na WhatsApp. Yana matse sauti ya zubar da wani sashe, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Sauke Audacity, manhajar ɗaukar sauti, kyauta ne, ka ɗauka a WAV, wato nau'in fayil da ba ya matse sauti. Don magana zalla, a auna sautin sau 16,000 a daƙiƙa ya isa, tunda ƙa'idar Nyquist ta ce ana riƙe sauti har rabin wannan adadi, wato 8,000 Hz (Hz na nufin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa). Ni dai 44,100 nake sawa, in rage daga baya. Makirufon kwala mai araha ya fi na waya, a maƙala shi kamar taƙi ɗaya daga baki.

Sai maganar wuta, inda na sha kashi. Na taɓa yini a Kaura Namoda ina ɗaukar dattawa, kwamfuta na jone da janareta. Kunnena bai ji komai ba. Da na buɗe a Praat, manhajar da ke nuna hoton sautin magana, sai ga layi baƙi shimfiɗe a ƙasa: gurnanin lantarki na 50 Hz da 'ya'yansa, 100 da 150. To muryar namiji ma a wannan unguwar take zaune. Karin sautin Hausa kuwa a nan yake, shi ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Na ce bari in goge da abin rage hayaniya, na murɗa shi da ƙarfi. Gurnani ya tafi, ya tafi da fashewar ƙ da ts, layin karin sauti ya kakkarye. Dole na sake biyan kuɗin mota.

Saboda haka cire caja, ka yi aiki da batir. Kashe fanka. Ɗaki mai katifa da labule ya fi aji mai siminti. Ɗauki shiru na daƙiƙa 10, ka duba shi da ido kafin malam ya buɗe baki. Ranar kasuwa kada ma ka fara.

Wajen rubuta abin da ka ɗauka, in mai magana ya ce hwari, rubuta hwari, kada ka mayar masa da shi fari irin na Kananci.

Sauran mai sauƙi ne: yanka sautin gunduwa-gunduwa na milisakan 25, kana matsawa milisakan 10, ka fitar da MFCC guda 13, wato lambobin da ke taƙaita siffar sautin kowace gunduwa. Ainihin fayil ɗin kuma ka ajiye shi wuri biyu, kada ka taɓa shi.