Yadda za ka riƙe yaran tim ɗinka ranar da aka fi ƙarfinsu

Duk wanda ya taɓa riƙe tim ɗin yaran unguwa ya san irin ranar nan. Kun yi karo-karo kun cika Keke biyu daga Tudun Wada kun tafi Sabon Gari buga wasa, kuna sauka ka ga yaran can kowanne ya kere naka tsawo, wai duk 'yan ƙasa da sha uku ne alhali wani har gashin baki ya fara yi masa tsiro. Kafin hutun rabin lokaci an zuba muku huɗu.

Ni dabarar da nake bi ma ba a ƙwallon ƙafa na tsince ta ba, a besbol ne, wasan Amurkawan nan da ake jefo wa mutum 'yar ƙwallo ya make ta da gora. Suna da gasar yara, Little League, da ake ƙarƙare ta duk watan Agusta a garin Williamsport, a waya nake kallo in data ta samu. Abin da ya kama ni shi ne, a wasan nan ko cikin manya wanda ya fito bugu sau goma ya dace sau uku gwani ake ce masa, wato sau bakwai a banza yake komawa benci kuma ba wanda zai zage shi. Yaro ya taso a haka ai faɗuwa ba za ta riƙa firgita shi ba.

To da farko a hutun nan kar ka buɗe baki tukuna. Ja su inuwa, su juya wa 'yan kallo baya, raba musu fiya wata, bari numfashinsu ya dawo. Ihun "ku wane irin yara ne" ba ya cire ƙwallo daga raga, na gwada, wallahi sai da aka ƙara mana uku.

Sai ka yanka musu wasan ƙanana-ƙanana. A besbol mai riƙe gora ba ruwansa da allon maki, ƙwallon da ke tahowa yanzu ita kaɗai ce gabansa. Ka ce musu ku manta da huɗun can, minti goma nake so kar a ci mu, shi ke nan. In goman ta wuce ka ɗaga murya daga bakin layi su ji, sannan a sake wata goma. Kowa kuma ka ba shi aiki ɗaya tak wanda zai iya, kai lamba biyu dogon can naka ne, ko bayi ya nufa ka bi shi, kai kuma na tsakiya in ka karɓa ka miƙa wa na kusa da kai, ban da yanka. Yaro in ka ce masa "ku dage" bai san me zai yi da ƙafarsa ba, amma in ka nuna masa mutum ɗaya zai manne masa kamar ƙaska.

Golanka ka same shi shi kaɗai. Shi ne ya shiga raga ya ɗauko ƙwallo sau huɗu ana masa dariya, yawanci za ka tarar ya cire safar hannu yana cewa Koc a canza ni. In ba ciwo ya ji ba kar ka canza, tuna masa guda biyun da ya kaɗe, da yadda ya yi tsallen.

Labarin Dammam yana da amfani amma a yi hattara da shi. A 1989 a garin Dammam na Saudiyya Tarayyar Sobiyat ta zuba wa Flying Eagles, tim ɗin matasan Najeriya, 4-0, suka farke duka suka kuma yi nasara a fenariti. Ka ba su labarin, kar dai ka yi musu alkawarin haka za ta faru, don in ba ta faru ba gobe maganarka ta zama tatsuniya. Ni na fi son na yaran Uganda, su ne 'yan Afirka na farko da suka buga a Williamsport a 2012, aka doke su wasa biyu a jere aka fitar da su, amma suka fito wasa na uku suka ci tim ɗin Amurka daga jihar Oregon 3-2.

Akwai kuma lokacin da za ka tsayar da wasa. A Little League doka ce, in tazara ta kai maki 10 bayan zagaye huɗu cikin shida an tashi. Mu ba mu da wannan, don haka in ka ga manyan can sun fara taka yaranka da gayya ka je wajen alƙalin wasa da kocinsu a rage lokaci, ƙafar ɗan mutane amana ce a hannunka.

A hanyar gida ban da sharhi. Ku tsaya a PZ ka sai musu rake ko awara, su yi ta musu kan wa ya fi cin duka. Gyara sai washegari bayan la'asar a fili, shi ma abu ɗaya za ka ɗauka, mu ranar da aka yi mana bakwai bugun kwana kawai muka yi ta maimaitawa har aka kira magariba.