Yadda Ake Karanta Bayanan Ƙasan Shafi a Sabon Alkawari na Helenanci

Ɗalibin tauhidi yakan buɗe Sabon Alkawari na Helenanci ya tsaya a kan nassin sama, ya tsallake haruffa da lambobin da suka yi cincirindo a ƙasan shafi kamar tururuwa. Alhali a nan ne ake nuna inda tsoffin kwafin hannu suka saɓa wa juna. Kwafin Helenanci da suka iso gare mu sun haura 5,000, kuma dole edita ya zaɓi abin da zai buga a duk inda suka rabu.

Da farko ka san bugun da ke hannunka. Biyu ne aka fi amfani da su: Nestle-Aland bugu na 28 na shekarar 2012, da UBS, wato na Haɗaɗɗun Ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki, bugu na 5 na 2014. Nassinsu na sama ɗaya ne. UBS an shirya shi domin masu fassara, yana kawo wuraren saɓani kaɗan, waɗanda ke taɓa ma'ana, yana kuma sa wa kowanne harafi daga A zuwa D. A na nufin kwamitin editoci ya tabbata, D na nufin ya sha wuya kafin ya yanke. Nestle-Aland ya fi yawan wurare, amma a taƙaice ƙwarai. Mai shirya wa'azi UBS ya ishe shi. Mai rubuta kundin digiri ba makawa sai Nestle-Aland.

Sai alamomi. A Nestle-Aland, ɗan da'ira a gaban kalma na nufin wasu kwafi sun bar ta, alama mai kama da T kuma na nufin wasu sun ƙara wani abu a wurin. Ka nemi lambar ayar a ƙasa, ka nemi alamar da ta dace. Shaidun, wato kwafin da ke goyon bayan kowane karatu, na zuwa a jere: P da lamba su ne na takardar papirus, kamar P66 da P75, manyan haruffa su ne kundayen fata, א (harafin Ibrananci, alef) na Sina'i da B na Batikan, dukansu na ƙarni na 4, A kuma na Iskandariya, na ƙarni na 5, lambobi zalla kamar 33 da 1739 na baya-baya ne. Inda aka rubuta txt, shaidun da ke biye su ne masu goyon bayan nassin sama.

Alamar tauraro (*) ce ke yawan kayar da mutane. B mai tauraro shi ne abin da mai kwafa na farko ya rubuta, B mai ƙaramar lamba kuwa hannun wanda ya zo daga baya ya gyara. Dubi Romawa 5:1. Kalma ɗaya ce, bambancin harafi ɗaya, omikron ko omega, haruffan o biyu na Helenanci. Da omikron, ma'anar ita ce muna da salama da Allah. Da omega, ta koma kira: bari mu kasance da salama. Hannun farko na א da na B duka omega suka rubuta, masu gyara suka mai da shi omikron. Wanda bai lura da tauraron ba, zai ga kundi ɗaya a ɓangarori biyu ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Editoci sun buga omikron duk da ƙarfin shaidun ɗaya gefen, domin a zamanin furucin haruffan biyu ya zama ɗaya, Bulus kuma shifta ya yi wa Tartiyas, kamar yadda 16:22 ta nuna, sannan zancen surar bayani ne na abin da ya riga ya tabbata. Akwai malaman da har yau ba su yarda da wannan hukunci ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce.

Kada ka ƙidaya shaidu kamar ƙuri'a. Mafi yawan kwafin daga ƙarni na 9 zuwa gaba aka rubuta su, kuma kwafi ɗari da aka juyo daga uwa ɗaya mai kuskure, kuskure ɗaya ne aka maimaita sau ɗari. Tambayar da za ka riƙe ita ce: wane karatu ne, idan shi ne na asali, zai bayyana yadda sauran suka samu? Yohanna 5:4, zancen mala'ikan da ke motsa ruwan tafki, babu shi a P66, P75, א da B. A aya ta 7 marar lafiyan ya ambaci motsin ruwa ba tare da bayani ba. Ya fi sauƙi a gane dalilin da wani zai ƙara bayanin, a kan dalilin da zai cire shi. Shi ya sa wasu fassarori ke tsallakawa daga aya ta 3 zuwa ta 5. Lambobin ayoyi sai a 1551 Istifanus mai ɗab'i ya sa su, bisa kwafin baya-baya da ke gabansa.

Baka biyu-biyu kewaye da nassi, kamar a Markus 16:9-20 da Yohanna 7:53-8:11, na nufin editoci na ganin ƙari ne na daga baya, amma sun bar shi saboda daɗewarsa a ikilisiya.

Bayan ka yi naka hukuncin, sai ka duba sharhin Bruce Metzger, ɗaya daga cikin editocin UBS, a kan saɓanin nassi, wanda ke ba da dalilan kwamitin aya bayan aya. Ka kula, bugunsa na biyu na 1994 ya bi UBS na 4 ne. A wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza an canza nassin a wurare 34 a Nestle-Aland bugu na 28, saboda haka a can abin da Metzger ke karewa ba lallai ya zama shi ne a shafinka ba. In kana rubuta takarda, ka ambaci lambar bugun da ka yi aiki da shi tun a shafin farko.