Kurakuran da aka fi yi wajen gane ƙananan ƙudajen fadama

Masu noman rani a Ajiwa da Daberam sun san ɗan ƙwaron nan mai ratsin rawaya da baƙi, wanda ke tsayawa cak a iska saman furen albasa, sai ya yi fit ya koma gefe. Da yawa ƙudan zuma suke ce masa, wasu su ce rina ce har su ɗauko injin feshi. Kama da wane ba ta wane. Ƙudan fure ne, ba shi da ƙari balle ya harbi kowa, kuma a yawancin danginsa tsutsar darɓa take ci, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. Wanda ya feshe shi ya kashe mai yi masa aiki kyauta.

Dogaro da launi ne ke jawo wannan. Ƙuda na ainihi fukafukai biyu gare shi, a bayansu akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar na fil, da su yake daidaita tashi. Zuma da rina da zanzaro huɗu gare su, sai dai na gaba da na baya suna maƙale da juna, ka ɗauka biyu ne. Don haka ka koma kan kai. Idanun ƙudan fure sun kusa cinye kan gaba ɗaya, ƙahonninsa gajeru ne dunƙule. Na zuma dogaye ne masu lanƙwasa a tsakiya.

Idanun nan ma suna ruɗa ɗalibai. A yawancin ƙudajen fure, na namiji sun haɗe a saman kai, na mace akwai rata tsakani, sai a rubuta iri biyu alhali miji da mata ne.

Sai masu cewa ƙaramin ƙuda jariri ne, zai girma. Ba zai ƙara ko kaɗan ba. Girman duk a lokacin tsutsa ake yin sa. Ƙudan da ke kashe zuciyar dawa tana ƙarama bai wuce milimita 5 ba, toka-toka, ka rantse ɗan ƙudan gida ne, amma nan ya tsaya. Ja busasshen ganyen tsakiyar, in ya zare da sauƙi yana wari, aikin tsutsarsa ne.

Farin ƙudan tumatir kuwa ba ƙuda na ainihi ba ne, fukafukansa huɗu, dangin darɓa ne.

Kada ka murƙushe ƙwaro sannan ka kai wa malamin gona, babu abin da zai gani. Ka fita da sanyin safiya kafin su yi ƙarfi, ka kifa masa kwalba mai haske, ka ɗauki hoto da waya ta sama, ta gefe, da ta fuska. In za ka zuba shi a sifirit, fara ɗaukar hoton, don launin yana dusashewa.